Gafiya, tsira da na bakinki

Duk wanda ya taɓa jibge buhunan wake ko gyaɗa a rumfunan Hausawa na bakin gadar Onicha, ko a Gariki ta Inugu, ya san aikin gafiya. Dare take bi. Idonta ba shi da ƙarfi, hanci ne jagoranta. Takan kai kilo ɗaya da rabi, wutsiyarta doguwa, rabin ƙarshe fari fat kamar an tsoma a gari. Ba ta zama ci inda ta yi sata. Sai ta yi ta cusawa a kumatu har su kumbura, ta nufi rami. Abin da ya jawo mata kirarinta ke nan.

Mai rumfa da safe yake ganin asararsa. Ta daji kuwa sai an daɗe take bayyana, shi ya sa ba mai lissafa ta, kuma ita ce ta fi damuna. Bayan an gano kwal a yankin Inugu a 1909, an daddasa malaina don samun itacen tokare ramukan haƙa. Kowane irin wannan itace sai da ya ratsa shekarunsa na farko tsakanin haƙora. Gafiya ƙwaya take kwashewa tun ba ta tsiro ba, musamman ƙwallon kwakwar manja. Ƙananan ɓerayen daji su kuma gindin dashe suke gaigaya. Ƙarƙashin ɓawon akwai wani siririn fallen da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa. In haƙori ya zagaye shi, dashen zai yi makonni kore shar, mai shi na murna, alhali saiwa na mutuwa da yunwa. In gefe guda aka ci, ya rayu, amma a tsumbure, ga rauni buɗe ga gara da ruɓa. Gyazbi, wanda Ibo ke kira nchi, ba ya ma wannan lallaɓawa: sare 'yar kwakwa yake yi, ya cinye zuciyarta. Don haka a gonakin manja na kewayen Fatakwal ake zagaye gindin dashe da ragar waya.

Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wanda ya bar ciyawa ta rufe gindin dashe, ya yi wa ɓera rumfa. Wanda ya jefi mujiya don wai tsuntsuwar mayu ce, ya kori mai gadin da ba ya karɓar ko kwabo.

Ita gafiyar ma ba ɓarna zalla ba ce. A dajin Amani na Tanzaniya, masu bincike sun bi sawun ƙwayoyin itacen msambu, suka tarar tana ɗauke su nesa da uwar, ta binne nan da can don gobe. Waɗanda ba ta koma ta tono ba, daga cikinsu ake samun sabon tsiro.