Ganawar Neman Aikin Injiniyan Manhaja a Manyan Kamfanoni

Manyan kamfanonin fasaha na Amurka, irin su Google da Amazon da Microsoft, ba sa ɗaukar injiniyan manhaja, watau mai rubuta umarnin da kwamfuta take bi, don takardar shaida kaɗai. Lalle ne sai an gwada shi.

Galibi akan fara da tattaunawa ta waya ko ta intanet. Wanda ya tsallake, sai a gayyace shi zama huɗu ko biyar, kowanne na kamar minti 45 zuwa awa guda. Akan ba shi matsala, misali nemo hanya mafi kusa tsakanin garuruwa biyu a taswira, ya warware ta da harshen kwamfuta kamar Python ko Java.

Abin lura shi ne, yadda mutum yake tunani ake aunawa. Saboda haka ya wajaba ya yi tambaya kafin ya fara, ya riƙa faɗin dabararsa a fili, ya nuna ko za ta jure in bayanai suka kai miliyan, sa'an nan ya binciki kurakuransa da kansa. Wanda ya haddace amsoshi yakan kafe da zarar an ɗan sauya tambaya.

A 2013 Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya ce tambayoyin kacici-kacici ɓata lokaci ne. Amazon kuwa takan nemi mutum ya kawo misalai daga ayyukansa na baya, ta auna su da ƙa'idodinta 16 na shugabanci.

Daga ƙarshe, jama'a su yi hattara: waɗannan kamfanoni ba sa karɓar ko kwabo don ganawa. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunansu, ɗan damfara ne.