Giovanna Garzoni: mai zanen furanni da ta ci gumin hannunta

A ƙarni na 17, a ƙasar Italiya, zanen furanni da ƴaƴan itace ba ya da daraja irin ta zanen sarakuna da labaran addini. Amma da wannan ƙaramar sana'a wata mace, Giovanna Garzoni, ta riƙe kanta har ta tara dukiya.

An haife ta a garin Ascoli Piceno cikin shekara ta 1600. A 1622 ta auri wani mai zane na birnin Banis, Tiberio Tinelli, amma auren bai daɗe ba aka raba shi. Daga nan ta shiga yawon neman aiki daga wannan fada zuwa waccan: Napoli a 1630, Turin a 1632, sannan Fulorans, inda ta yi wa gidan sarautar Medici aiki daga 1642 zuwa 1651.

A bisa jemammiyar fata mai laushi take zanenta, da launin ruwa, tana ɗiga shi ɗigo-ɗigo da siririn buroshi. Takan zana furanni cikin tulun tangaran na ƙasar Sin, ko ɓaure da lemo cikin faranti, wani lokaci da ƙwaro a gefe. Ba ta ɓoye aibi: ganyen da ya fara yaushi, haka take nuna shi.

A Turin, cikin 1635, ta zana ƙaramin hoton Zaga Christ, wani matafiyi da ke cewa shi ɗan sarkin Habasha ne. Ana lissafa hoton cikin na farko-farko irinsa da aka yi wa baƙar fata a Turai.

A 1651 ta zauna a Roma. Da tsufa ya zo, sai ta yi wasiyya: dukiyarta ta koma ga ƙungiyar masu zane ta San Luca, bisa sharaɗin a gina mata kushewa a cocin ƙungiyar. Ta rasu a 1670. Ƙungiyar ta karɓi gadon, amma sai a 1698 aka kafa alamar kabarin, bayan shekara 28.

A 2020, fadar Pitti ta Fulorans ta shirya baje kolin ayyukanta, a birnin da ta yi shekara tara tana zana wa Medici furanni.