ASALIN WASAN TSALLE NA NA'URA, DA LABARIN ALMAJIRIN DA YA SAKE GINA SHI

Yau za mu yi magana a kan wani abu da ke hannun 'ya'yanmu kullum, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka tambayi asalinsa. Watau wasan nan na cikin waya da kwamfuta, wanda yara ke ce wa gem, inda za ka ga ɗan ƙaramin mutum yana gudu a kan allo, yana tsallake rami, yana hawa tsani, yana tsintar kuɗi. Masu sana'ar sun ware wa irinsa suna dabam, mu kuwa sai mu kira shi wasan tsalle, domin tsalle daga wannan dandamali zuwa wancan shi ne ginshiƙinsa, kamar yadda ɗingishi da ƙafa ɗaya yake ginshiƙin langa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, a cikinsa akwai mas'alar da ta shafi malami ta kuma shafi ɗan kasuwa: in mutum ya ɗauki aikin wani ya gyara shi har ya fi na fari kyau, na wane ne? Kafin amsa sai mu bi silsilar abin, gama kowace sana'a da salsalarta.

Kamfanin Nintendo, wanda shi ne uban wannan fanni, an kafa shi a birnin Kyoto na ƙasar Japan a 1889, kuma sana'arsa ta fari ita ce buga katin karta mai zanen furanni. Sai a 1981 wani ma'aikacinsa mai zane, Shigeru Miyamoto, ya fitar da wasan da ake kira Donkey Kong. Nufinsu tun farko su yi wasan ne da Popeye, wani matuƙin jirgin ruwa na zanen barkwanci na Amurka, amma ba su sami izini a lokacin ba. Sai Miyamoto ya bar ƙashin labarin yadda yake, ya sauya mutanen: abokin gaba ya zama goggon biri mai jefo ganguna, jarumi ya zama kafinta mai tsalle, wanda daga baya aka raɗa wa suna Mario. Gashin bakin Mario da hularsa ma larura ce ta kawo su, domin na'urar wancan zamani ba ta iya zana baki da suma sosai a kan ɗan mutum ƙarami haka. A 1982 kamfanin fim na Universal ya kai ƙarar Nintendo, ya ce birin nan kwaikwayon King Kong ne na fim ɗin 1933, amma kotu ta ba Nintendo gaskiya. A 1985 aka fitar da Super Mario Bros., wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 40.

Daga wannan gida ne a 1986 wani wasa ya fito mai suna Metroid. Masu yinsa sun ɗauki tsalle irin na Mario, suka haɗa shi da yawon bincike cikin kogunan ƙarƙashin ƙasa, inda ƙofa ba ta buɗuwa sai ka je wani wuri ka samo makami ka komo. Duhunsa da ban tsoronsa kuwa daga fim ɗin Alien na 1979 suka sha, har ɗaya daga cikin dodannin wasan sunansa Ridley, irin sunan mai shirya fim ɗin, Ridley Scott. Jarumar wasan mace ce, Samus Aran, cikin sulke, ba a gane mace ce sai a ƙarshe. Kashi na biyu ya fito a 1991 a kan ƙaramar na'urar hannu Game Boy, wadda allonta ba shi da launi, ga shi ƙanƙane, wasan kuma ba shi da taswira, saboda haka mai wasa yakan yi ta ɓata a cikin koguna masu kama da juna.

To, a nan almajirin namu ya shigo. Sunansa Milton Guasti, mutumin ƙasar Ajantina, sana'arsa aikin ɗaukar sauti, ba ma'aikacin Nintendo ba ne, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Ya ga yadda Nintendo ta sabunta Metroid na fari a 2004 da sunan Zero Mission, da launi da taswira da saurin motsi, sai ya yi niyyar yi wa kashi na biyu irin wannan hidima. Ya koyi aikin da kansa da wata manhaja mai sauƙi da ake kira GameMaker, yana yi a lokacin da ya sami sarari. Da labari ya bazu a intanet sai waɗansu masoyan wasan suka kawo gudummawa, wannan da zane, wancan da kiɗa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya riƙe labarin asali da tsarin tafiyarsa, ya ƙara taswira da sababbin wurare da sababbin dodanni, ya ɗauko dabarun motsi daga Zero Mission da Super Metroid na 1994. Kimanin shekara 10 ya yi yana wannan aiki. A watan Agusta na 2016, daidai da cikar Metroid shekara 30, ya sake shi kyauta da sunan AM2R.

Malamai za su gane irin wannan aiki, ko da yake ba muna daidaita darajar wasa da ta waƙen malamai ba ne, siffar aikin kaɗai muke nufi. Mai tahamisi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa uku, da ma'auni ɗaya da amsa-amo mai dacewa, har mai sauraro ya kasa rabe na farko da na baya, kamar yadda Ibn Mahib ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi. Haka kuma Alhaji Abubakar Imam, a cikin Magana Jari Ce da ta fara fitowa a 1937, ya ɗebo labaru daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da littattafan Turawa, ya sa musu rigar Hausa har suka zama namu. A wurin magabata, sharaɗin aro shi ne ka ambaci mai abu, kada ka jingina wa kanka abin da ba naka ba. Guasti ya cika wannan sharaɗi: bai ɓoye asali ba, bai karɓi ko anini ba.

Amma dokar haƙƙin mallaka ta zamani ba ta tsaya nan ba. A wurinta suna da siffa da labari dukiya ne, kamar tambarin da ke jikin turmin atamfa, ba a taɓa su sai da yardar mai su, ko da kyauta za ka rabar. Cikin 'yan kwanaki da fitowar wasan sai lauyoyin Nintendo suka aika da takardun gargaɗi ga wuraren da ke rarraba shi, daga baya Guasti ya sanar ya daina aikin. An sa wasan cikin jerin waɗanda za a ba kyauta a bikin The Game Awards na 2016, sa'an nan aka cire shi. A 2017 Nintendo ta fitar da nata sabunta kashi na biyun, Samus Returns, wanda kamfanin MercurySteam na ƙasar Sifen ya yi mata. Mai son ba'a zai ce wanzami ba ya son jarfa, tun da gidan da ya tashi da aron Popeye shi ne ya hana aro. Amma adalci shi ne a tuna, sa'ad da aka hana Miyamoto Popeye bai ɗauka da ƙarfi ba, sai ya ƙago nasa. Shekara goman Guasti kuma ba su tafi a banza ba, domin a 2017 kamfanin Moon Studios ya ɗauke shi aiki, ya sa hannu a tsara wasan Ori and the Will of the Wisps da ya fito a 2020.

Akwai hanyoyi biyu da waɗansu suka bi suka tsira daga wannan rigima. Ta farko ita ce ta Christian Whitehead na ƙasar Ostireliya, masoyin Sonic, bushiyar nan shuɗiya mai gudu da kamfanin Sega ya fitar a 1991. A 2009 ya nuna tsohon wasan Sonic CD yana aiki a kan wayar iPhone da manhajar da ya gina da kansa. Sega ta karɓe shi, ta fitar da aikinsa a 2011, kana a 2017 shi da abokansa suka yi mata Sonic Mania, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 1. Wannan kamar almajiri ne da malaminsa ya ba shi ijaza. Ta biyu ita ce ta Freedom Planet na 2014, wanda aka fara shi a matsayin wasan masoyan Sonic, sa'an nan masu shi suka sauya jaruman da labarin, bushiya ta koma dodanniya irin ta tatsuniyar Sin, har ya zama dukiyarsu da suke sayarwa ba mai ce musu kanzil.

Fa'idar da za mu ɗauka a nan gida guda biyu ce. Ta farko ga iyaye: a rarrabe tsakanin yaron da waya ke cinye wa lokacin karatu, wanda lalle a tsawata masa, da yaron da ke tambayar yadda aka yi abin, yana son ya gina nasa. Na biyun nan sana'a yake nema mai lissafi da zane da haƙuri, ya kamata a sa masa ido a taimake shi. Ta biyu ga samari masu koyo da attajiran da za su zuba musu jari: kwaikwayo ƙofar koyo ce, amma kayan aro ba ya rufe katara. Nijeriya ma tana da dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023. Wanda ya iya gina wasan tsalle, ba shi da buƙatar Mario. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Botorami, ga langa da 'yar gala-gala, ga fatake da jakunansu a kan hanyar Gwanja, duk gadonmu ne, ba lauyan da zai aiko da takarda a kansu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu. Haza wasalam.