Katin Guzuri da Asusun Biya na Intanet: Yadda Ake Ƙulla Su

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa neman sayen littafi daga wata maɗaba'a ta ƙasar waje, ko biyan kuɗin neman shiga wata jami'a ta Ingila ko Amurka, ya san cewa tara kuɗin daban, isar da su ga mai su kuma daban. Hanyar da galibi ake bi ita ce mutum ya buɗe asusu a wani kamfanin biya na intanet, alal misali PayPal wanda aka kafa a Amurka a 1998, sa'an nan ya ɗaura wa asusun katin da za a riƙa zarar kuɗi daga cikinsa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bayyana yadda ake yin wannan ƙulli da irin katin nan da ake zuba wa kuɗi tun kafin a yi sayayya, a kuma nuna dalilin da ya sa sau da yawa ƙullin kan ƙi kamawa.

Sunan Katin

Katunan biya iri uku ne. Akwai wanda muke kira katin ATM, wanda ke jingine da asusun ajiyar mutum a banki. Akwai katin bashi, watau banki ya biya a madadinka, kai kuma ka biya shi daga baya. Na ukun shi ne abin maganarmu: sai an zuba masa kuɗi yake aiki, da zarar sun ƙare kuwa ya tsaya cik. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, domin haka katin waya yake, haka ma mitar lantarki mai kati. A ganina sunan da ya fi dacewa da shi shi ne katin guzuri, tun da yake matafiyi ba ya cin abin da bai ƙunsa ba tun daga gida. Idan malamai suna da wanda ya fi wannan, to, ƙofar gyara a buɗe take.

Shi ma katin guzurin kashi biyu ne. Wani a shago guda kaɗai yake ci, kamar katin kyauta na Amazon, kuma ba a iya ɗaura shi a wani asusun biya dabam. Ɗayan kuwa yana ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, shi ne wanda ake ƙullawa.

Yadda Ake Ƙullawa

Abin da mai asusu yake yi da hannunsa ba shi da yawa. Zai shiga asusunsa, ya zaɓi wurin ƙara kati, ya rubuta lambobi 16 da ke fuskar katin, da wata da shekarar da zai daina aiki, da lambobi 3 da ke bayansa, kana da suna da adireshi. Amma abin da ke gudana a ɓoye cikin 'yan daƙiƙoƙin nan ya fi wannan nisa.

Da farko dai lambobin nan 16 ba a gatse aka jera su ba. Ta ƙarshensu mai gadi ce, ana samo ta ne daga lissafin sauran bisa wata dabara da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya ƙago a shekarun 1950, saboda haka idan mutum ya kuskure lamba guda kwamfuta kan gane nan take tun ba ta tuntuɓi kowane banki ba. Na farkon kuwa, guda 6 ko 8, su ne asalin katin. Katin Visa da 4 yake farawa, na Mastercard da 5 ko 2, sauran kuma su faɗi wanda ya fitar da katin, da ƙasarsa, da ko na bashi ne ko na guzuri. Ke nan tun kafin mai kati ya ce uffan, katin ya riga ya faɗi garinsu da gidansu.

Bayan wannan sai gwaji. Kamfanin kan nemi a riƙe masa wani ɗan kuɗi kaɗan, kamar dala 1, don ya tabbata katin yana da rai, daga baya a saki. PayPal ya daɗe da wata dabara ta biyu: yakan zari dala 1.95, ya liƙa lambobi 4 a jikin bayanin cirar, mai katin ya duba takardar shige da ficen kuɗinsa ya kwafo su ya mayar, sa'an nan a dawo masa da kuɗinsa. Hikimar a nan ita ce, ɓarawon da ya tsinci kati yana iya karanta abin da ke jikinsa, amma da wuya ya ga takardar bayanin. Wannan yana nuna mana abu biyu: katin da babu ko kwabo a cikinsa ba zai ƙullu ba, wanda kuma babu hanyar duba bayaninsa zai maƙale a rabin hanya.

Abin da Ke Hana Ƙulli

A nan ne gizo ke saƙa. An ƙirƙiro katin guzuri ne don ya yi kama da tsabar kuɗi, wanda ya riƙe shi ne mai shi. Shi kuwa asusun biya ba ya son hulɗa da wanda bai sani ba. Masu nazarin kasuwancin Hausawa za su tuna da abin da Abner Cohen ya rubuta a 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan, inda fatake ke sayar da shanu bashi ga mahautan da ba su sani ba, don kawai maigidan da suka sauka wurinsa ya san mahautan, ya kuma tsaya musu. Kamfanin biya matsayin maigidan nan yake riƙe tsakanin mai saye da mai sayarwa, idan ciniki ya ɓaci wuyansa ake kamawa. To, wane maigida ne zai tsaya wa baƙon da ba shi da suna, ba shi da masauki?

Don haka ne a Amurka da Kanada da Ingila ake gwama adireshin da mutum ya rubuta da wanda ke wurin mai fitar da kati. Katin kyautar da aka saya a kanti ba shi da adireshin kowa, sai mai shi ya fara yi masa rajista, in ba haka ba a mayar da shi. Haka nan idan asusun na Nijeriya ne, katin kuwa lambobinsa suka ce daga Amurka ya fito, sai zargi ya shiga. Wasu 'yan kasuwa ma, musamman masu karɓar kuɗin wata-wata, kan ƙi katin guzuri ɗungum, don sun san ranar biya na iya zuwa a tarar da shi wayam.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Mu a nan muna da ƙarin namu cikas. PayPal bai buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa ba sai a 2014, a lokacin ma damar biya kawai aka ba su, ban da karɓa. A shekarar ce kuma Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ta sa samun kati ba tare da an san mai shi ba ya yi wuya ƙwarai. Wannan ya rage matsalar rashin suna, sai dai ta canjin kuɗi ta taso. A 2022, da dala ta yi ƙaranci, bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga bisani suka rufe gaba ɗaya, ba su fara buɗewa ba sai a tsakiyar 2025. Katin AfriGo da aka ƙaddamar a 2023 kuwa don hada-hadar cikin gida aka yi shi.

A cikin wannan tsakani matasa suka koma ga katin dala na cikin waya, wanda shi ma katin guzuri ne, sai dai ba a riƙe shi a hannu, lambobi ne kurum a manhaja. Ya yi rana, amma ba shi da tabbas kamar yadda ake zato. A watan Yuli na 2022 kamfanin Union54 na ƙasar Zambiya, wanda ke fitar wa manhajoji da yawa irin waɗannan katuna, ya dakatar da aikinsa, katunan jama'a suka mutu a lokaci guda, duk asusun da aka ɗaura su a kai ya koma neman sabon kati.

Akwai wani abu da ɗalibai kan manta, wanda kuma yakan jawo asara. Idan ciniki ya warware, ko aka fasa aiko littafi, ta hanyar da kuɗi suka fita ta nan ake mayar da su, watau cikin katin da ya biya, kuma mayarwar kan ɗauki kwanaki, wani lokaci har makonni. Wanda ya yar da katinsa ko ya goge shi daga manhaja don ya ga guzurin ya ƙare, zai sha zirga-zirga kafin kuɗinsa su dawo hannunsa. Saboda haka ya kamata a adana katin da lambobinsa har sai kaya sun iso, wa'adin mayar da su kuma ya wuce.