3.4 Rabuwar Lambobi a Lissafin Gadon Gona

A wannan sashe za a duba yadda sanin lambobin da ke raba wata lamba, da ninkinta, yake shiga cikin rabon gona a ƙauyukan arewacin Kano, kamar na ƙasashen Ɗambatta da Minjibir da Bichi. Tun a 1965 Mortimore da Wilson suka yi nazarin cunkoson jama'a a gonakin da ke kewaye da birnin Kano, inda gona ke haɗe da gona, babu saura. A irin wannan wuri kunya ɗaya ma abin jayayya ce, don haka lissafin malamin da ya zo rabo ba abin wasa ba ne.

Kason da Alƙur'ani ya yanka wa magada a Suratun Nisa'i guda 6 ne, wato rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Abin lura shi ne, lambobin da ake raba dukiya da su, 2, 4, 8, 3 da 6, duk daga 2 da 3 aka gina su. Shi ya sa asalin mas'ala bai wuce 7 ba: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Asalin mas'ala kuwa shi ne ƙaramar lambar da kowane kaso zai fita daga cikinta ba tare da ɓalli ba. Idan tumuni da sudusi suka haɗu, a ninkin 8 (8, 16, 24) da ninkin 6 (6, 12, 18, 24) lambar farko da suka yi tarayya a kai ita ce 24.

A ɗauka manomi ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza 2 da mata 3. Daga 24 matar tana da 3, mahaifiya 4, saura 17. Namiji yana ɗaukar rabon mace biyu, ke nan kawunan 'ya'yan 7 ne. A nan ne aikin yake, domin 17 tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Babu wata lamba sama da 1 da ke raba 17 da 7 gaba ɗaya, abin da malamai ke kira tabayuni. Mafita ɗaya ce, a ninka 24 sau 7, ta zama 168. Sai matar ta sami 21, mahaifiya 28, kowane ɗa 34, kowace 'ya 17. Ko da yawan 'ya'yan ya canza, muddin akwai namiji a cikinsu kuma kawunan sun wuce 1, matsalar tana nan, tunda ragowar 17 ba za ta rabu daidai ba sai kawuna sun cika 17.

Bambancin yana fitowa ne idan lambobin biyu suna da mai raba su. Misali, mamaci ya bar uwa da uba da 'ya'ya maza 2 da mata 2. Asali 6 ne, uwa 1, uba 1, saura 4 ga kawuna 6. Da yake 2 tana raba 4 da 6, wato tawafuƙi, ba sai an ninka da 6 ba, rabinta 3 ya isa, mas'ala ta tsaya a 18. Wanda ya ninka da 6 ya sami 36 bai zalunci kowa ba, amma ya tsawaita wa kansa aiki, kuma a gaban magada masu jiran amsa yawan lamba yana kawo zargi.

A takarda 168 ba ta da wuya, amma a ƙasa labarin daban ne. Idan gonar misalin farko kunya 84 ce, kowane kaso rabin kunya ne, sai rabon 'ya ya zama kunya 8 da rabi, na matar 10 da rabi. Ga kuma dorawa ko kuka da ke tsakiyar gona, wadda ba ta yankuwa, ga gefen da ya sha taki da wanda bai sha ba. Saboda haka sau da yawa akan kimanta gonar da kuɗi a gaban mai unguwa da dattawa, a raba kuɗin bisa 168 ɗin, sannan wanda ya riƙe ƙasa ya biya sauran. Wasu magadan kuma sukan ci gaba da noma ta tare a matsayin gandu, a riƙa raba amfanin da dami ko da mudu.