Ɗaliban Kiɗan Jaz Da Mabusan Ƙofar Kudu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu, bakin fadar Sarkin Kano, ranar Hawan Daushe, ya san kunne ne ke fara ganin Sarki kafin ido. Tun ba a hango laima ba za a ji kakaki yana ruri, tambari yana amsa masa, algaita kuma tana ratsawa ta tsakaninsu. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara kakaki a wannan birni. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Wata shekara mun kai samarin ƙungiyar mawaƙanmu daga Sabon Gari su yi kallo. A cikinsu akwai wani yaro mai busa saksofon, wanda da kansa ya koya ta wurin sauraron faifai. Sauran suna ta nuna dawakai, shi kuwa ya kafe ido a kan wani dattijo mai algaita. Can ya juyo ya ce, "Malam, wai yaushe baban nan yake numfashi?" Ya yi tambaya mai kyau. Mai algaita yakan cika kumatunsa da iska, yana tura ta cikin algaitar, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, saboda haka sautin ba ya yankewa. A Amurka an yi wani makahon mabushi, Rahsaan Roland Kirk, wanda ya yi suna ƙwarai da wannan dabara, har yau ɗaliban kiɗa a can suna shan wahala kafin su iya ta. A birnin Kano kuwa gado ce, uba ya koya wa ɗa.

Yaron nan yana so ya je makaranta ya karanta kiɗa. Mahaifinsa ya zo wurinmu ransa a ɓace, ya ce, "Malam, ka ja masa kunne. Na sha wahala na biya kuɗin sakandare, ƙarshenta maroƙi zai zama mini?" Ba mu yi wa dattijon dariya ba, gama mun san inda tsoronsa ya fito. A ƙasar Hausa an daɗe ana haɗa kiɗa da roƙo, ana jin daɗin makaɗi amma ba a so a ba shi 'ya. Ko a Ikkilisiya, inda ba ma yin sujada sai da waƙa, iyaye da yawa sun fi so ɗansu ya yi kiɗan ranar Lahadi kawai, ran Litinin ya nemi abin da suke kira aikin kirki. Don irin wannan uba muka ga ya dace mu kawo labarin da ke biye.

Kiɗan da ake kira jaz ya taso ne a birnin New Orleans na Amurka wajen farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ya sha daga waƙoƙin sujadar baƙar fata, da waƙoƙin aikin gona, da badujalar da ke raka gawa zuwa makabarta. An fara ɗaukarsa a faifai a 1917. Yadda ake yinsa kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Ƙungiya takan fara da karin da kowa ya sani, sa'an nan a bar wa mutum ɗaya fili ya ƙago nasa nan take, mai ganga da mai babban molo suna riƙe masa taki. In ya gama wani ya karɓa, daga ƙarshe a koma kan karin farko. Wanda ya taɓa jin Alhaji Mamman Shata yana shirya baiti a tsakiyar fili, 'yan amshi da masu kalangu suna tare masa baya, ya riga ya fahimci rabin abin.

Shahararren mai ƙaho Louis Armstrong ya zo Nijeriya a 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yancin kai, har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Amma shi wasa ya zo yi, ya wuce. Wanda ya zo ya zauna shi ne Dokta Yusef Lateef.

An haife shi a 1920, ya girma a birnin Detroit, ya musulunta yana saurayi. Ya yi busa tare da manya irin su Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley, ya kuma sami digirin dokta a fannin ilimi a Jami'ar Massachusetts a 1975. A 1981, yana da shekara 60 da ɗoriya, sunansa ya riga ya zaga duniya, sai ya tattara ya zo Zariya, ya kama aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya zauna har 1985. Babban abin da ya sa a gaba shi ne sarewa, wato wadda makiyayi Bafillace ke busawa a bayan shanunsa, wadda yaranmu na gari ba sa ko waiwaya. Ya zauna da makaɗa da mabusa yana yi musu tambayoyi, yana rubutawa, yana kuma koyar da masu bincike. A 1983 ya ɗauki wani faifai a Legas tare da makaɗan gangunan Nijeriya, aka fitar da shi a 1985 da suna In Nigeria. Shi da Ziky Kofoworola kuma suka rubuta littafi a kan wasanni da kiɗan Hausa, wanda ya fito a 1987.

Wani abu game da mutumin nan zai kwantar wa iyaye hankali. Ba ya ma son a kira kiɗansa jaz, domin yana ganin sunan ya ɓaci da zancen mashaya da gidajen rawa, kuma daga wajen 1980 ya daina wasa a wuraren da ake sayar da giya. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93, malamin jami'a mai mutunci.

A ƙasarsu an daɗe da shigar da wannan kiɗa aji. Wata kwaleji a arewacin jihar Texas ta fara ba da digiri a kansa tun 1947. Jami'ar Notre Dame, ta 'yan'uwanmu Katolika, ta buɗe bikin ƙungiyoyin ɗalibai a 1959, inda kowace makaranta ke kawo nata su hau dandamali, ƙwararru su saurara su faɗa musu inda suka yi daidai da inda suka kauce. Amfanin irin wannan biki shi ne, ɗalibi ba ya iya ɓuya a bayan takarda. In aka ba shi fili, ko dai yana da abin faɗa da ƙahonsa ko ba shi da shi, kuma dole ya saurari na kusa da shi, in ba haka ba kiɗan ya watse.

A nahiyarmu, Jami'ar Natal da ke Durban ce ta fara koyar da jaz a matsayin digiri, a farkon shekarun 1980, ƙarƙashin Darius Brubeck. Lokacin mulkin wariyar launin fata ne. Duk da haka ya haɗa ɗalibai baƙaƙe da farare da Ba'indiye cikin ƙungiya ɗaya mai suna Jazzanians, suka je Detroit a 1988 suka yi wasa a gaban babban taron malaman kiɗa. Ɗaya daga cikinsu, Zim Ngqawana, daga baya ya tafi Massachusetts ya yi karatu a hannun Yusef Lateef, wanda bai daɗe da komawa daga Zariya ba. Wannan ɗalibi ne ya jagoranci makaɗa wajen 100 a bikin rantsar da Nelson Mandela a 1994.

A nan gida ma hanya tana nan. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka tana da sashen kiɗa tun 1961, wasu kwalejojin horon malamai kuma suna koyarwa. Abin da ke damunmu shi ne, yaron da ya tashi a Kano zai iya gama irin wannan karatu ya iya karanta rubutun kiɗan Turawa sarai, amma bai taɓa riƙe algaita ba, bai san bambancin kotso da taushi ba. Tsakanin Sabon Gari da Ƙofar Mata tafiyar 'yan mintoci ce, amma samarinmu da yawa ba sa ƙetare ganuwa sai in kasuwar Kurmi ta kai su. Laifin ba nasu kaɗai ba ne, rigingimun da garin ya gani sun sa kowa ya ja jikinsa. Mu ma shugabanni mun sayi kibod da jita, mun bar tulun da Zumuntar Mata ke bugawa kamar abin da ya wuce yayi.

Duk wannan mun faɗa wa mahaifin yaron. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya dai ce, "To, Malam, in karatu ne, ya kawo mini takardar shiga in gani da idona." Yaron kuwa bai jira ba. Ta hannun wani abokinsa ɗan cikin gari ya sami wani mai algaita, ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, numfashin nan nake so ka koya mini." Dattijon ya dube shi, ya ce tunda yake bai taɓa ganin ɗan Sabon Gari ya zo da wannan buƙata ba. Bai ba shi algaita ba. Ya ba shi siririn kara mai rami da kofin ruwa, ya ce ya je ya yi ta hurawa, ranar da kumfa ta daina yankewa ya dawo. Ranar Lahadin da ta wuce mun gan shi a bayan ɗakin sujada, kumatu a kumbure, ruwa ya jiƙa masa gaban riga.