Idan Maganin Hawan Jini Ya Danne Bugun Zuciya

Daga cikin magungunan hawan jini da ciwon zuciya da ake samu a asibitoci da shagunan kemis na Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa akwai rukunin da likitoci ke kira bita-buloka, wanda ya haɗa da propranolol da atenolol da bisoprolol. Aikinsu shi ne toshe wasu kafofi a tsokar zuciya waɗanda sinadarin adirenalin ke bi ya zaburar da ita, sai bugun ya ragu, jini kuma ya sauka. James Black, masanin Birtaniya da ya samar da propranolol a shekarun 1960, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1988, kuma babu mai musun amfanin magungunan, sai dai wannan aiki nasu ne yake zama guba idan adadin ya wuce ƙima.

Wuce ƙimar na faruwa ne idan dattijo ya manta ya sha ya sake sha, ko yaro ya tsinci ƙwayoyin kakarsa a ƙulle cikin leda a ƙarƙashin matashi, ko wani ya haɗiye su da gangan cikin ƙuncin rai. Akwai kuma mai ciwon ƙoda, wanda atenolol ke taruwa a jikinsa ko da bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba, domin ta fitsari ake fitar da shi.

Abin da ya fi yaudarar iyali shi ne gubar ba ta zuwa da hayaniya. Mutum yakan yi laushi, ya ce jiri yake ji, hannuwansa su yi sanyi, har a ce gajiya ce a bar shi ya kwanta, alhali bugun zuciyarsa ya faɗo ƙasa da 60 a minti, wani lokaci har 40. Alamomin sukan bayyana cikin sa'o'i shida, ko fiye ga ƙwayoyin da ke narkewa a hankali. Propranolol ya fi sauran haɗari saboda yana ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa ya jawo jijjiga da suma, yara kuma sukarin jininsu na iya faɗuwa, mai asma kuwa numfashinsa ya sarƙe.

Manja da nono da aka saba ɗura wa wanda ya sha guba ba su da tasiri a nan, kuma tilasta amai ga wanda hankalinsa ke gushewa na iya tura aman cikin huhu. Abin yi shi ne a garzaya da shi babban asibiti mafi kusa tun yana kan ƙafafunsa, tare da kwalin maganin da ragowar ƙwayoyin, a kuma faɗi lokacin da ya sha. Ga mutumin Riruwai, wanda Dajin Falgore da doguwar hanya suka raba shi da birni, kuskure ne a zarce Kano kai tsaye ba tare da an tsaya inda za a sa masa ruwa a auna bugunsa ba. Daga can ne ma'aikata za su yanke shawarar tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala.

A asibiti, idan an iso cikin sa'a guda, akan ba da gawayi na musamman da ke kama maganin a ciki, wanda ba ɗaya yake da gawayin girki ba. Sai ƙarin ruwa da allurar atropine don ɗaga bugun, ko da yake sau da yawa ba ta wadatarwa. Daga nan akan koma ga glucagon, sinadarin da ke zaburar da zuciya ta wata kafar da maganin bai toshe ba, sai dai yana da tsada, yana sa amai, kuma ba ko'ina ake ajiye shi ba. Shi ya sa hanyar insulin mai yawa haɗe da ruwan sukari ta cancanci kulawar asibitocin karkara: zuciyar da guba ta danne takan koma dogaro da sukari, insulin kuma shi ke shigar mata da shi har ƙarfin matsarta ya dawo. Wannan aiki ne na ƙwararru kawai, domin sai ana auna sukari da sinadarin fotashiyam na jini a kai a kai. Idan jini ya ƙi tashi akan ƙara adirenalin ta jijiya, ko a sa na'urar da ke ba zuciya bugu, a gubar atenolol kuma wankin ƙoda na iya fitar da shi.

Mai shan waɗannan magunguna bisa umarnin likita kada tsoro ya sa ya daina su farat ɗaya, domin hakan na iya tayar da bugun zuciya da ciwon ƙirji. Wanda kuma ake ɗiga wa timolol a ido saboda hawan ruwan ido ya sanar da likitansa, domin shi ma ɗan wannan rukuni ne, kuma yana shiga jini.